Malam Alkasim da Wutar Magina Tukwane

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na shekarar 2024, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Alkasim Ɗan Azumi a gidansa na Maraɗi, yana da shekara sittin da ɗaya, bayan jinyar wata uku. Daga Allah muka fito, wurinSa kuma kowa zai koma, da wanda ya riga da wanda ya jinkirta. Ina cikin yi wa yara allura a likitar Koona, wato asibitin garin, ƙanwar matarsa ta kira ni a waya. Na ce mata na ji, na ƙarasa yaran da ke jira, sannan na shiga ɗakin magani na ja ƙofa na zauna a kan kwali. Ban yi kuka ba a lokacin. Kunya ce ta fara kama ni, kuma dalilinta ne ya sa nake wannan rubutu.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Alkasim ɗan El Alasan Mairairai ne, a ƙasar Mayahi. Ya yi lakkal, wato makarantar boko, a can, ya wuce jami'a a Yamai, ya ƙare da ilimin iska: abin da ke cikinta, inda ya fito, da inda yake zuwa. Ni kuwa sunana Hindu Inusa, ma'aikaciyar lafiya. Na san shi a bazarar 2010, shekarar da damina ta yanke mana tun gero bai cika ido ba, sojoji kuma suka karɓi mulki. A lokacin ina aiki a ƙaramar likitar Garin Maikuɗi, ƙauyenmu, tsakanin Koona da Bawdeta, kuma ban daɗe da samun aikin ba.

Malam, ka zo mana ne saboda tari. Yaran garin sun kama wani tari mai nauyi, ƙirji na ƙugi, ido na ruwa, har muka binne uku cikin wata guda. Labari ya kai ga hafsan sojan da aka ɗora wa kula da yankinmu, wanda kowa ke kira kumandan, ya ce a nemo masa dalili. Sai ga ka da rana tsaka a bayan babur, da ordinatar, wato kwamfuta, a naɗe cikin buhun shinkafa don kada zafi ya kashe ta. Na dube ka na ce a raina, wannan siririn mutum da tsohuwar hula shi ne masanin da aka ce? Kafin ka tambayi ko ruwan sha, ka bi tsofaffin da ke zaune gindin ƙirya ɗaya bayan ɗaya ka gaishe su, har da kurman da ba ya jin ka.

Ka kafa wata na'ura a saman likitarmu, mai zuƙar iska ta cikin farar takarda. Kowace safiya sai in hau tsani in cire ta jiya in sa sabuwa, kuma kullum baƙa take fitowa kamar gindin tukunya. Da na tambaye ka me za ka yi da baƙar takarda, ba ka raina ni ba. Ka zaunar da ni, ka buɗe ordinatar, ka nuna mini garinmu a ciki: ga likita, ga rijiya, ga unguwar magina tukwane a gabas, ga yadda iska ke bi ta kansu. Ka ce wannan shi ake kira modal, wato kwaikwayon iskar gari a cikin na'ura. Ka jera mini duk abin da ke fitar da hayaƙi a Garin Maikuɗi: murhun gidaje, gashin tukwane, injin niƙa, babura, da ƙona shara. Kowanne an ba shi adadin hayaƙin da yake fitarwa a yini.

"Da farko za mu bar kowa yadda yake, mu ga abin da zai iso ƙofar likita," in ji ka. "Sannan mu rage wa guda ɗaya kashi ɗaya cikin biyar, mu bar sauran, mu sake dubawa. Wanda muka rage shi hayaƙi ya faɗi sosai, shi ne mai nauyi. Amma ɗaya-ɗaya, Hindu. In kika taɓa biyu lokaci guda, ba za ki san wanda ya amsa ba."

Na gane, kuma abin ya burge ni. Haka muke yi da yaro mai ƙaiƙayi, a janye masa abinci ɗaya a gani kafin a janye na biyu. Abin da ban ba muhimmanci ba shi ne maganar da ka ƙara daga baya, cewa na'urar ba ta san komai ba sai abin da aka faɗa mata.

Adadin murhu ni ka ba aikinsa, don ni mace ce, 'yar gari, ina shiga inda kai ba ka shiga. Ka ba ni kaye, littafin rubutu, da tambaya guda: sau nawa ake hura wuta a gidan nan a yini, kuma tana daɗewa kamar yaya? Na shiga gida tamanin da huɗu. Kusan ko'ina amsar ɗaya ce, sau ɗaya, ɗan kunu, wuta ba ta wuce rabin awa. Na rubuta kamar yadda aka faɗa mini. Da ka duba kayen ka gyaɗa kai, ka ce ai haka ya kamata, shekarar da babu hatsi dole wuta ta ragu.

Malam, na san ƙarya ce tun ina rubutawa. Ba kunu ake dafawa a garin ba, anza ce, 'ya'yan itacen daji da ba a ci sai lokacin yunwa. 'Ya'yan anza ɗaci gare su kamar maɗaci, sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. A shekarar nan ruwan jiƙon ma babu shi, rijiya ta ja baya, saboda haka mata suka koma tafasawa: a tafasa a tsiyaye, a ƙara ruwa kaɗan a sake ɗorawa, tun hantsi har la'asar wuta ba ta mutuwa. Itace ya ƙare, sai busasshen kashin shanu da guntun kara da ledar da aka tsinto. Kuma ba a tsakar gida ake wannan girki ba. A cikin ɗaki ake yi, a saki labule, don kada maƙwabciya ta leƙo ta ga gidan wane ya kai ga cin anza, alhali ita ma abin da ke kan murhunta ke nan. Yara kuwa suna nan kwance kusa da uwayensu cikin hayaƙin. Na sani sarai, don a ɗakin innata ma haka ake yi. Ni ma'aikaciyar gwamnati, in rubuta da hannuna cewa uwata na dafa anza? Girman kai ya hana ni. Wannan ita ce gaskiyar, ba ni da wata hujja da ta fi ta kyau.

Da ka zuba adadina cikin na'ura, hayaƙin da ta nuna bai kai rabin wanda takardar saman likita ke kamawa ba. Dole sauran ya fito daga wani wuri, kuma wurin da ba ka da ma'auninsa sosai shi ne gashin tukwane. Duk ranar Alhamis matan unguwar gabas na tara tuluna da randuna a fili, su lulluɓe da kara da ƙaiƙayi, su sa wuta, hayaƙin ya miƙe sama har daga hanyar Tasawa ana hangensa. Ka ɗaga musu adadi har lissafin ya daidaita da takarda. Sannan ka yi gwajin da ka koya mini. Ka rage babura, babu abin da ya motsa. Ka rage injin niƙa, kaɗan. Ka rage murhu, kaɗan. Ka rage gashin tukwane, hayaƙi ya faɗi warwas. Ka rubuta rapor, wato rahoto, ka ƙara a ƙarshe cewa a sake aunawa kafin a yanke hukunci. Kumandan bai karanta ƙarshen ba, ko ya karanta bai jira ba. Ba mugun mutum ba ne, yara ke mutuwa kuma yana son a ga ya yi wani abu. Cikin kwana uku aka yi shela: an hana gashin tukwane a Garin Maikuɗi, duk wadda ta sa wuta za a fasa kayanta a kama mijinta.

Gida goma sha tara ke ci daga wannan wuta. A shekarar da gona ba ta ba da komai ba, tulu da randa ne kaɗai ke tafiya a kasuwa, don kowa na neman abin ajiye ɗan ruwan da ya samu. Shugabarsu, Gwaggo Hajara, tsohuwa ce mai riƙe da jikoki biyar da ɗanta ya bar mata ya tafi ci-rani. Ta zo likita washegarin shelar, ba magani take nema ba. Ta tsaya bakin ƙofa da yumɓu a hannunta bai bushe ba.

"Hindu, ɗiyar Inusa," ta ce, "tun kakata muke gashi ranar Alhamis a filin nan, ba mu kashe ɗan kowa ba. Mi ya sake bana? Ke da ke cikin masu takarda, ki gaya mini."

Na ce mata, "Gwaggo, na'ura ce ta nuna, ba ni ba." Ta dube ni ta daɗe, ta juya ta tafi. Har yau in na tuna amsar nan sai in ji na tsani bakina.

Ka koma Maraɗi, amma ka ce in ci gaba da sauya takarda ina aiko maka. Alhamis ta zo babu gashi, ta biyu ta zo, ta uku ta zo. Takarda ba ta sauya launi ba, tari bai ragu ba. Wani a matsayinka da ya yi shiru, rapor ya riga ya wuce, an yaba masa. Kai sai ga ka a bayan babur ɗin nan, ba wanda ya kira ka. Ka shimfiɗa takardun mako uku a kan teburin awo, ka ce mini, "An rage su gaba ɗaya, ba kashi ɗaya cikin biyar ba, kuma iska ba ta amsa ba. Na zalunci matan nan, Hindu. Akwai abin da na faɗa wa na'ura ba daidai ba."

Ka ce in raka ka zagayen gari. Ba ka shiga gidan kowa ba, bayan danga ka riƙa bi, kana tsayawa kan tulin toka, kana duban inda aka zubar da wani baƙin ruwa har ƙasa ta yi kanta. Muka iso ƙofar gidanmu, ka ce ƙishirwa kake ji. Inna ta aiko da ruwa a ƙwarya, labulen ɗakinta ya ɗaga, warin ya fito. Na ga ka tsaya da ƙwarya a baki. Ka shanye, ka yi hamdala, sannan ka ɗaga murya yadda za ta ji daga ciki.

"Inna, in anzar nan ta yi, a sam mini. Da ita aka raine ni a El Alasan shekarar babbar yunwa, ba abin kunya ba ce wurina."

Can sai ga ɗan kwano ya fito. Ka zauna kan turmi a ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gan ka, ka cinye tas. A hanyar komawa likita ka ce, kamar da kanka kake magana, "Na ci anza wata shida ina yaro, amma ban taɓa dafa ta ba. Kwano kawai ake miƙo mini. Ban taɓa tambayar uwata awa nawa ta yi a gaban wuta ba." Nan na fashe da kuka a tsakiyar hanya, na gaya maka duk abin da na sani da abin da na rubuta. Na zaci za ka zage ni, kuma da ka yi da na ji sauƙi. Ba ka yi ba. Ka bari na gama, ka ce, "To, share idonki. Gobe za ki sake shiga gidajen nan. Kada ki tambayi kowa abin da take dafawa. Ki tambayi kwando nawa na kashin shanu take ƙonawa a yini, wannan babu mai jin kunyarsa."

Kwana biyar na yi ina wannan aiki, har da aron ma'aunin jarirai don auna kwanduna. Ranar Alhamis kuma ka roƙi izini ka je wani ƙauye kusa da Bawdeta inda ba a hana gashi ba, ka tsaya a rana da na'urarka tun sa wuta har ta cinye, don ka samu adadin gaskiya maimakon wanda ka ƙiyasta. Sannan ka sake komai daga tushe, a gabana, a kan teburin awo. Ka rage gashin tukwane, abin da ya ragu a ƙofar likita bai taka kara ya karya ba: wutar mako-mako ce, a fili, hayaƙinta sama yake yi iska ta kwashe. Ko an hana shi ɗungum, kashi huɗu cikin ɗari kawai ake samu. Ka mayar da shi yadda yake, ka rage murhu. Ba sai ka yi mini bayani ba, na ga yadda layin ya faɗo.

Na ce zan bi ka wurin kumandan in faɗi laifina. Ka ce a'a. Ka ce ni sabuwa ce a aiki, a ranar za a kore ni, wataƙila ma a tsare ni don na ba hukuma adadin ƙarya, kuma likitar ba ta da wata ma'aikaciya alhali yara na tari. Na yi gardama, amma ba da ƙarfi ba, Allah Ya sani, tsoro nake ji. Ka tafi kai kaɗai. Maigarinmu yana wurin, shi ya ba mu labari. Ya ce ka tsaya ka ce, "Ranka ya daɗe, rapor ɗin da na ba ka kuskure ne, kuma kuskuren nawa ne. Na ɗauka in babu hatsi babu wuta. Matan da aka hana sana'a ba su da hannu a tarin nan." Kumandan ya buga tebur, ya tambaye ka wa ya tattara adadin farko. Ka ce kai ka tsara tambayar, kai ka karɓi amsar ba ka bincika ba, kai ka sa hannu. Ya maimaita tambayar sau uku, amsarka ba ta sauya ba. Kafin wata ya ƙare aka cire ka daga aikin binciken, aka mayar da kai koyarwa, kuma ba a sake ba ka irinsa ba sai bayan shekaru.

Kafin ka bar garin ka yi mana abu ɗaya da har yau ake amfani da shi. Ka ce tunda asiri mata ke son rufewa, a rufa musu shi a waje. Aka riƙa kewaye murhu da zana a kusurwar gida, sama a buɗe, babu mai ganin tukunya, hayaƙi kuma ya fita. Da hannunka ka kafa na farko a gidan innata, kana ɗaure zana tana yi maka tsiya wai ɗaurin 'yan lakkal ko akuya ba zai tsare ba. Cikin mako biyu ƙugin ƙirjin yara ya fara lafawa.

An ɗage hanin, amma sai da ya cika mako bakwai, don hukuma ba ta saurin janye maganarta. A ranar da aka yi shelar ɗagewa hadari ya riga ya fara haɗowa. Ramin yumɓu ya cika da ruwa, kara ya jiƙe, babu sauran gashi sai bayan kaka. Kasuwar shekarar ta wuce su. Gwaggo Hajara ba ta ma ji shelar ba. Tun mako na biyar ta bar ɗanyun tuluna a rumfa, ta kwashi jikokinta ta nufi wajen Jibiya neman abin da za su ci. Can ta rasu kafin ƙarshen damina, da ƙaramin cikin jikokin. Sauran huɗu 'yarta ta je ta dawo da su.

Na sani duk shekara kana zuwa unguwar gabas bayan girbi, kana gaishe su gida-gida. Wasunsu sun yafe maka, wasu har ka rasu ba sa amsa gaisuwarka da sakin fuska, kuma ba ka taɓa kare kanka ba. Sau biyu na ce maka zan faɗa musu. Ka ce ba ka hana ni ba, amma in tabbata don su zan yi, ba don in sauke wa kaina nauyi ba. Sai na fake da maganar nan na ci gaba da yin shiru shekara goma sha huɗu, ina tashi a aiki, ana kirana majo, shugabar likita, kai kuma ana nuna ka a matsayin mutumin da ya kashe wutar magina.

Ba zan bari wannan suna ya bi ka kabari ba. Jiya na je Garin Maikuɗi, na zauna a gaban 'yar Gwaggo Hajara da sauran matan unguwar, na faɗa musu da bakina cewa adadin da ya jawo musu hani ni na rubuta shi, ina sane. Ba su ce mini komai ba tukuna, kuma ba ni da ikon gaggauta su. 'Yarta dai ta tambaye ni ranar addu'ar bakwai, ta ce a ajiye musu wuri a motar da za ta je Maraɗi.

Hajiya Safi, uwargidan marigayi, ina yi miki ta'aziyya da ke da 'ya'yanki, ina kuma neman gafararki. Kin sha wahalar shekarun da aka ajiye shi gefe ba ki san dalilin ba, yau kin sani. Ina yi wa 'yan'uwansa na El Alasan Mairairai ta'aziyya, da ɗalibansa, da abokan aikinsa, da mutanen Garin Maikuɗi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ya Allah, ga bawanKa Alkasim ya zo gare Ka. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya masa makwanci, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka jiƙan Gwaggo Hajara da jikanta da yaran da muka binne a waccan bazara. Ka yafe masa rabon kuskuren da yake nasa, wanda ya amsa a gaban mutane bai ɓoye ba. Rabon da yake nawa kuwa, wanda ya ɗauka ya yi shiru har ya koma gare Ka, Ka sauke masa shi, Ka mayar masa da shi lada. Amin.